Haƙƙin Fuska a Rana Tsaka

Duk wanda ke da dangi a 'Yankuzo, ko Tsafe, ko Bungudu, ko wani gari daga garuruwan da ke kewaye da Gusau, ya san cewa ba a idar da sallar Idi, ko ɗaurin aure, ko walimar saukar Alƙur'ani, face hotuna sun fara kwararowa cikin wayarsa tun mutanen da ke cikinsu ba su kai gida ba. Kuma idan mai lura ne, ya san cewa galibin waɗannan hotuna illa ɗaya ce ke damunsu, wato babbar riga ta fito fara fat har aikin da ke wuyanta ya ɓace, alhali kuwa fuskar mai rigar, wadda dominta aka ɗaga wayar tun da farko, ta zama dunƙulen duhu, idanu sun faɗa rami, ba ka shaida mutum sai ta hularsa. Daga nan sai a ɗora wa waya laifi, a ce ƙarama ce, a yi alkawarin in an sayar da waken suya bana za a sayo babba a Gusau. A nawa ra'ayin an zalunci wayar, domin da ƙaramar da babbar duk abu ɗaya zai same su muddin aka tsayar da mutum inda aka saba tsayar da shi. Abin da ya ɓata hoton ya faru tun kafin a taɓa waya, a lokacin da aka ce wa dattijo ya fito fili, ya fuskanci rana.

Littattafan koyar da ɗaukar hoto, da masu koyarwa a intanet, kusan bakinsu ya zo ɗaya a kan nasiha guda, cewa a guje wa tsakar rana, a jira sa'ar farko bayan hudowarta ko sa'ar ƙarshe kafin faɗuwarta. Nasihar gaskiya ce, ba ni da ja a kanta, sai dai an tsara ta ne domin mutumin da ke da ikon zaɓar wa kansa lokaci, mu kuwa sha'anoninmu da lokacinsu suke zuwa. Ana sallar Idi da hantsi, kafin a gama huɗuba a yi gaisuwa rana ta ɗaga. Ana ɗaura aure da walaha ko bayan an sauko daga Juma'a. Kasuwa ba ta cika sai rana ta take. A 'yan shekarun nan kuwa, da halin tsaro ya sa matafiyi a hanyoyin ƙasar Tsafe ya fi son magariba ta riske shi a cikin gidansa, baƙon da ya zo biki daga Gusau ko Funtuwa ba ya jiran la'asar ta yi sanyi, da an shafa fatiha sai neman mota. Bayan wannan kuma, ranarmu ba irin ta masu littattafan ba ce. A Landan, ko a yinin da ya fi kowanne tsawo a shekara, rana ba ta ɗagowa fiye da daraja 62 daga sararin ƙasa, amma mu da ke zaune a wajen daraja 12 arewa da layin da ya raba duniya biyu, sau biyu a shekara, wajen 21 ga Afrilu da wajen 21 ga Agusta, rana kan tsaya daidai tsakar kanmu, har inuwar mutum ta shige ƙarƙashin ƙafafunsa. Wanda ya ce da mu mu guje wa tsakar rana, ya ce ne mu bar rabin rayuwarmu ba hoto.

To, mene ne asalin illar? Ibnul Haisam, malamin nan da aka haifa a Basra wajen 965 ya rasu a Alƙahira wajen 1040, wanda ya tabbatar a cikin Kitabul Manaziri cewa gani yana samuwa ne da hasken da ke shiga ido daga abin da ake kallo, ya lura tun a wancan zamani cewa haske mai tsanani yakan ɓoye abubuwa kamar yadda duhu ke ɓoye su, ya kafa hujja da taurari da ba a ganinsu da rana, da kuma siririn zane a jikin gogaggen ƙarfe wanda ke ɓacewa idan ƙyalli ya bugi ido. Masana na yanzu sun sa wa abin ma'auni da suke kira luks: hasken rana tsaka yakan kai 100,000, na inuwar da ke buɗe ga sama wajen 10,000 zuwa 20,000, na ɗaki mai fitila kuwa 'yan ɗaruruwa ne kawai. Idon ɗan Adam, cikin hikimar Mahaliccinsa, yana zagaya wannan tazara ba tare da mai shi ya sani ba, ya tsuke idan ya dubi riga, ya buɗe idan ya koma kan fuska, ƙwaƙwalwa ta haɗa su ta ba ka mutum cikakke. Kyamara ba ta da wannan falala. Tiya ce mai iyaka, abin da ya fi cikinta zubewa yake yi. Tana duban abin da ke gabanta gaba ɗaya ta yi masa hukunci guda, kuma ɗabi'arta ita ce ta mayar da komai tsaka-tsaki tsakanin fari da baƙi; saboda haka idan farar shadda, wadda masu bugu suka sha wahala har ta ɗauki sheƙi, ta cika mata ido, sai ta rage hasken duka domin ta ceci shaddar, fuska ta nutse; idan kuma ta buɗe domin fuska, shadda ta ƙone. Abin da ya ƙone fari kuwa ya tafi ke nan, babu gwanin gyara da zai dawo da zaren da ba a ɗauka ba, saɓanin duhu, wanda akan iya ɗaga shi kaɗan daga baya.

Ƙari a kan wannan, rana idan ta tsaya a sama tana haska wuraren da ba su ne muradi ba: goshi, da doron hanci, da saman kumatu, waɗanda dama gumi ya sa suna ƙyalli, ta bar ramin ido da ƙarƙashin hanci da haɓa cikin duhu, idan mutum ya naɗa rawani ko ya kifa malafa, to, mas'alar ta ninku.

Ba zan ɓoye ba, akwai wani kaso na laifin da ke wuyan masu ƙera kayan tun asali. Tun daga shekarun 1950 kamfanin Kodak na Amurka ya riƙa raba wa masu wanke hoto wani kati mai ɗauke da hoton farar mace, wanda aka fi sani da katin Shirley, da shi suke daidaita launin duk abin da za su wanke, kuma sai a tsakiyar shekarun 1990 aka fito da katin da ya haɗa mata masu launin fata daban-daban. Ma'ana, shekara da shekaru baƙar fata ba ta cikin mizanin da ake auna kyawun hoto da shi. An samu sauyi daga baya. Kamfanin Transsion na birnin Shenzhen a ƙasar Sin, mai Tecno da Itel da Infinix, waɗanda su ne suka cika aljihunan mutanenmu, ya yi suna ne da daidaita kyamarorinsa domin baƙar fata, Google ma ya fito da nasa gyaran a 2021. Madalla da wannan, amma duk ƙoƙarinsu ba ya wuce lallaɓa hasken da ya riga ya shiga. Babu injiniyan da zai iya sauko da rana daga tsakar ka daga can Shenzhen.

Wanda zai iya magance abin shi ne mai riƙe da wayar, kuma ilmin da yake bukata ya daɗe a garinsu, sai dai ba a taɓa gaya masa cewa yana da alaƙa da hoto ba. Babu al'ummar da ta kai Musulmi kula da inuwa, domin da ita aka ɗaure lokutan sallolin rana. Kowane almajirin da ya karanta Risala ta Ibnu Abi Zaidin Alƙairawani, wanda ya rasu a 996, a zauren wani malami a 'Yandoto ko Gusau, ya san inuwar zawali, ya san cewa lokacin azahar yana tafiya har inuwar kowane abu ta kai tsawonsa bayan inuwar da rana ta gushe a kanta, kuma ya san mustahabbi ne a lokacin zafi a jinkirta ta har inuwa ta ƙaru da rubu'in tsayi; dattawanmu kuwa, kafin agogo ya yawaita, da taki suke aunawa, suna lissafa tsawon mutum ƙafarsa bakwai. Wannan awo shi ne mafi sauƙin ƙa'ida ga mai ɗaukar hoto. Ya dubi ƙasa kafin ya dubi waya: idan inuwar mutum ta kai tsawonsa ko ta fi, kamar yadda take da sassafe zuwa farkon hantsi, da kuma daga shigar la'asar, rana tana zuwa ne ta gefe, tana shiga ido, ana iya tsayawa a fili, idan kuwa inuwar ta gaza tsawon mai ita, filin ya haramta ga fuska, sai a nemi mafaka. A ƙasarmu zawali yakan faɗo ne tsakanin sha biyu da kwata da ƙarfe ɗaya saura kwata gwargwadon watan da ake ciki, saboda haka sa'o'i uku kafinsa da uku bayansa su ne lokacin hattara, kuma su ne daidai lokacin da muke yin komai.

Amma ba kowace inuwa ce inuwa ba, kuma a nan ne na fi so mai karatu ya dakata. Mafificiyarsu duka ita ce bakin zaure. A ɗauka ga dattijo zaune a kan buzu a ƙofar gidansa, jikansa ya zo daga makaranta a Gusau yana son hotonsa. Maimakon ya fito da shi tsakar titi, sai ya durƙusa ya ce, "Baba, don Allah a ɗan ja baya kaɗan, a shiga daga ciki," har buzun ya koma kamar taki ɗaya daga dokin ƙofa, inda rana ba ta taɓa ko gefen rigarsa. Shi kuma yaron ya tsaya a waje, cikin ranar, ya rage tsawo har idon kyamara ya yi daidai da idon kakansa. Abin da zai gani a allon waya ba zai yi kama da hotunan Idi ba. Ranar da ke dukan rairayin ƙofar gida tana tashi ta shiga zauren a tausashe, ta ƙasa da ta gaba, ta cike ramin ido, ta fito da furfurar gemu ɗai-ɗai, da tsagen da ke kumatu, da ƙwayoyin tasbaha a tsakanin yatsu. A cikin kowane ido za a ga ɗan ɗigon haske, wanda shi ne siffar ƙofar kanta. Bayansa kuwa duhun zaure ne, babu babur, babu jarka, babu yaron maƙwabta yana leƙe. Rigar da fuskar yanzu haske ɗaya ke kansu, tazarar da ke tsakaninsu ta ragu har kyamara ta iya ɗaukarsu tare, aikin wuyan riga ya fito, mai rigar ma ya fito. Sirrin kawai shi ne a tsaya a bakin inuwa, a fuskanci waje. Wanda ya kutsa can ƙuryar zaure ya gudu daga illa ya faɗa wata.

Inuwar itace kuwa sai an zaɓa. Dogon yaro, wanda ya cika titunanmu kuma shi ne mafakar kowane mai shayi, yakan yaudari mai hoto idan ganyensa bai yi duhu ba, domin rana tana tsiyaya ta tsakaninsa ta yi wa fuska dabbare-dabbare, ido ba ya damuwa da su a zahiri amma a hoto sai su fito kamar tabo. Mangwaro da tsamiya sun fi shi rufa asiri, sai dai a tsaya daga gefensu, domin can tsakiya hasken yakan ɗauki kore ya shafa wa fata. Gawo yana da tasa baiwar, da yake shi da rani yake ganye, lokacin da sauran itatuwan gona suka kaɗe. Giginya kam, Bahaushe ya riga ya yanke hukunci a kanta, na nesa ka sha inuwarta. Mafi munin duka ita ce rumfar haya ta tamfol da ake kafawa a wajen biki, ja ko shuɗiya ko ruwan ɗorawa, wadda ke rina duk wanda ya zauna ƙarƙashinta da launinta, ka ga ango da waliyyansa sun fito jajaye kamar masu zazzaɓi. Da masu biki za su nemi fara ko da guda ɗaya ce domin wurin da manya za su zauna, da sun huta. Ga masu ɗaurin aure bayan Juma'a kuma, abin lura shi ne rana ta riga ta karkata yamma, inuwar masallaci tana faɗuwa ta gabas, bayan bangon alƙibla. Siririya ce a wannan sa'a, amma takan ɗauki sahu ɗaya na mutane idan suka jingina da bango, kuma sahu ɗaya da ake ganin fuskokinsa ya fi sahu uku na huluna.

Kada wani ya zaci wannan dabarar talaka ce wanda ya rasa kayan aiki. Seydou Keita na Bamako, wanda aka haifa wajen 1921 ya rasu a Paris a 2001, kuma wanda yau ake rataya hotunansa a manyan gidajen tarihi na Turai da Amurka, ɗan kafinta ne da kawunsa ya kawo masa ƙaramar kyamarar Kodak daga Senegal a 1935, ya buɗe wurin sana'arsa a 1948 a unguwar Bamako-Kura, kuma mafi yawan aikinsa a tsakar gida ya yi shi, da hasken Allah, yana rataya zane a bayan mutum, na farkonsu ma shimfiɗar gadonsa ce. Saboda tsadar kaya, galibi sau ɗaya yake ɗaukar kowane mutum. Bamako kuwa tana kusan layi ɗaya da Gusau, ranarsu ranarmu ce, fatar mutanensa fatarmu ce, manyan rigunansu da ɗaurin kallabinsu ba su da nisa da namu. Amma ka dubi hotunansa, za ka ƙirga zaren leshi kuma ka karanta abin da ke cikin idon mai shi. Mutumin da ke da harbi ɗaya tak dole ya gama tunaninsa kafin ya danna. Mu da waya ta ba mu harbi dubu kyauta, sai muka bar tunanin, muna ɗaukar ashirin a wuri ɗaya marar kyau muna fatan ɗaya zai yi dama.

Saura mas'alar larura, wato inda babu inuwa sam, kamar filin Idi ko tsakiyar gona. A nan akwai wata tsohuwar al'ada da ya kamata a yi jana'izarta, ta cewa rana ta kasance a bayan mai ɗauka, ta haska fuskar wanda ake ɗauka. Asalinta daga zamanin kyamarorin akwati ne, lokacin da fim ba shi da ƙarfi, yana bukatar duk hasken da zai samu. Illar ta gushe, hukuncin ya zauna. Sakamakonta shi ne jerin mutane sun runtse ido, sun yamutsa goshi, sun yaƙe haƙora ba don dariya ba, kuma ni ina ganin har rashin ladabi ne yaro ya tsayar da sa'an mahaifinsa yana kallon rana, hawaye na zuba, shi kuwa yana ta laluben waya yana cewa a ƙara haƙuri. Abin da ya dace shi ne a juya al'amarin: rana ta koma bayan wanda ake ɗauka, ko bayansa ta gefe, fuskarsa ta zauna cikin inuwar kansa, wadda haskenta bai ɗaya ne, idanunsa a buɗe. Daga nan mai ɗauka ya taɓa fuskar a allon waya da yatsa, domin ya sanar da kyamara cewa ga abin da ke da haƙƙi. A yawancin wayoyi wata 'yar alamar rana takan fito a gefe, wadda ake ja sama ko ƙasa har fuska ta yi daidai. Sama za ta yi fari, wani sashe na kafaɗa zai ƙone. Wannan hasara ce da aka yarda da ita, kuma idan aka nemi bango ko itatuwa masu duhu suka zama baya maimakon sarari, hasarar ma takan ragu. Sai kuma a yi wa idon kyamara rumfa da tafin hannu ko hula, kada rana ta faɗa cikinsa kai tsaye ta wanke hoton da hayaƙi-hayaƙi.

Idan ana son ƙari, a sa yaro ya riƙe farin zane ko farin kwali daga gaba ta gefe, ƙasa-ƙasa, inda rana za ta buge shi ya mayar da ita kan fuska. Bambancin da wannan ke kawowa sai wanda ya gwada. Ban da tire ko murfin tukunya mai ƙyalli, domin su makantarwa suke yi. Filas ɗin waya ba shi da wani tasiri a gaban rana, kunna shi ɓarnar caji ce. Amma masu sana'ar hoto da ke da babban filas a kan kyamara sun san cewa aikinsa da rana ya fi na dare daraja, yana cike ramin ido daga taki kaɗan. Su ɗin kuma suna da tsohuwar ƙa'idarsu ta rana tangararan, cewa a sa buɗin ido a lamba 16, saurin ƙiftawa ya yi daidai da lambar ISO, ma'aunin saurin jin haske na kyamara, wato idan tana 100 a ba shi kashi ɗaya cikin 100 na daƙiƙa ko abin da ya kusance shi. Ƙa'ida ce mai kyau ga gini da dawaki, amma ga baƙar fuska a cikin inuwar kanta sai an buɗe fiye da haka. Shi kuwa HDR da ke cikin wayoyi, wanda ke ɗaukar hotuna da yawa a ƙiftawa ɗaya, mai duhu da mai haske, ya haɗe su, yana da amfani idan mutane sun natsu, amma a wajen hawan sallah, inda doki ke sukuwa, yakan bar wa abu inuwa biyu.

Akwai ƙananan abubuwa da ba su kai a tsaya a kansu ba amma suna ɓata aiki: idon kyamarar da ya kwana a aljihu tare da goro da maiƙon hannu, wanda shafa ɗaya da gefen riga ke warkar da shi, gumin goshi, wanda hankici ke maganinsa, allon waya da ba a gani cikin rana, wanda sai an lulluɓa masa mayafi ko hannun riga, kamar dai yadda masu hoton akwati na da suke cusa kai cikin baƙin ƙyalle. Wayar kanta tana jin zafi. Apple, alal misali, ya ƙayyade wa wayoyinsa zafin daraja 35, bazarar Gusau kuwa takan haura 40, shi ya sa waya ke dusashewa ko ta ƙi ɗauka idan an bar ta a kan kujerar babur. Hunturu shi ne aminin mai hoto, domin hazon da iskar arewa maso gabas ke kwasowa daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi yana tace rana ya tausasa ta, har a iya tsayawa a fili da azahar. Haka ma lumshin marka a watan Agusta.

Ban ce rana tsaka ba ta da abin da ta iya ba. Fuska ce kawai ba ta iya ba. Bangon ƙasa mai zanen magina, da jikin rumbu, da saƙar zana, babu lokacin da suke bayyana kamar lokacin da haske ke gangarowa a jikinsu daga sama, kowane tudu ya jefa 'yar inuwarsa ƙarƙashinsa. Shanyar barkono da tattasai ma sai a wannan sa'a jansu ke cika. Dutsen Kwatarkwashi kuwa, wanda duk mai bin hanyar Funtuwa zuwa Gusau yake ɗaga masa waya ta tagar mota, akasin haka ne: da rana tsaka yakan fito a shafe, ba kwari ba tudu, girmansa ba ya bayyana sai rana ta koma gefe.

Na san akwai masu ganin duk wannan magana ba ta da muhalli, tun da malamai sun yi saɓani a kan hoton kansa. Saɓanin tsoho ne, kuma ba ni ne zan raba shi ba; Shehu Muhammad Bakhit Almuɗi'i, Muftin Masar wanda ya rasu a 1935, ya wallafa risala yana halatta shi bisa hujjar cewa tsare inuwar abin da Allah ya riga ya halitta ne, wasu kuma suka tsananta, suka taƙaita shi ga larura kamar fasfo da katin shaida. Wanda ya bi masu tsanantawa ya huta da wannan maƙala. Amma wanda ya ɗaga waya, to, sharuɗɗa sun hau kansa: ya nemi izini, musamman ga matan aure da dattawa, kada ya watsa abin da mai shi bai yarda a watsa ba, kuma ya fito da mutum yadda yake. Sunan 'Yankuzo da Tsafe ya daɗe yana fita a labarai ta fuskar da ba mu so, hotunan da duniya ke gani na ƙasar nan mafi yawansu na tashin hankali ne. Waɗanda ke cikin wayoyin 'ya'yanta, na suna da sauka da girbi, su ne kaɗai shaidar sauran rayuwar, kuma mutane da yawa da aka rasa a waɗannan shekaru, abin da ya rage wa iyalansu shi ne hoto ɗaya na ranar wata sallah, wanda aka ɗauka a fili, fuskar ba ta fito ba.

Wannan ne ya sa nake ƙyamar maganin da samari da 'yan mata suka koma gare shi, wato gyaran fuska da ke cikin waya, wanda idan ya ga hoto ya yi duhu sai ya wanke fatar, ya goge tsage da tamoji, ya mayar da baƙin Bazamfare wani fari sol da ko mahaifiyarsa sai ta ƙura ido kafin ta ce ɗanta ne. Duhun da rana ta jawo kuskure ne. Wannan kuwa shaidar zur ce da gangan, kuma a wayoyi da yawa a kunne yake zuwa daga kamfani, musamman a kyamarar gaba, mai wayar bai ma san yana aiki ba. Yana nan a saman allo ko a gefensa, alamarsa 'yar fuska ko 'yar sanda mai taurari. A taɓa shi, a ja ma'auninsa har sifiri, sa'an nan a nemi bakin zaure mafi kusa.